Gayyar Kwabo Huɗu

Ƙarfe biyun dare, bakin tashar jirgin Leeds,
ni ne na tara a layin tasi.
Ruwa na ƙwanƙwasa gilashi kamar mai bin bashi.
Na kashe inji, na kunna waya.

Wani kamfani ne, ban san launin ƙofarsa ba,
yake raba aiki gutsure-gutsure kamar naman suna:
ga hoton titi, zagaye abin da ka gani.
Mutum ne? Keke ne? Kare ne, ko kwandon shara?
Kowane hoto kwabo huɗu.
In na yi ashirin da biyar, fam ya cika,
rabin kuɗin shayin da ke hucewa a gefena.

An ce mu dubbai ne.
Ban taɓa jin tarin ko ɗaya ba.

A Bakori, in kakana Barau ya kira gayya,
tun asuba ganga ke tashe ka.
Ka ga ƙeyar na gabanka tana naso,
ka ji nishin na bayanka,
wanda ya bar kunyarsa a noma ya kwashi kunya a dandali.
Da hantsi a sauke tulun kunu,
ludayi ɗaya ya zaga baki talatin.
Nan kuwa gonar ba ta da iyaka,
mai gonar ba shi da fuska,
kowa da fartanyarsa a cikin aljihu.

Mota ake koya wa gani, wadda ba ta son direba.
Ladidi ta ce, "Tanimu, kai ne akuyar
da ke taya mahauci wasa wuƙa."
Na ce haya ba ta jiran falsafa.
Ta yi tsaki, ta ƙara mini barkono a miya.

Sai ga hoto na ɗari da goma sha ɗaya.
Bayan wani gidan mai, fitila ja-ja,
mota a fake, ƙofarta a buɗe,
wani ƙulli baƙi a ƙasa, kan kwali.
Yatsana ya nufi buhun shara,
sai idona ya faɗa kan takalma,
ƙafa biyu, a jere, a gefe,
bakinsu na kallon inda kan ƙullin yake kallo.

Buhu ba ya cire takalmi.

Na san wannan doron. Na san sanyin simintin
da ke ratsa kwali ya gaisa da goshi.
Na zagaye shi a hankali, kada in katse masa sujada,
na danna: mutum.

Kafin in kurɓi shayi amsa ta dawo:
ba ka dace da rinjaye ba.
Mutum bakwai aka nuna wa,
biyar sun ce buhu.
An zare kwabona huɗu, an rage mini maki.
Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, na sani,
amma daren yau sarkin yawa bai sa tabarau ba.

Na rubuta musu da Turancina mai ɗingishi:
ku gaya wa motarku,
wani lokaci mutum yakan naɗe kansa ƙasa
ba don ya faɗi ba.
In ta gan shi, ta rage gudu.
Ko wani zai karanta, oho.

Biyar sun ce buhu. Ni na shida.
To, wane ne na bakwai?
Wata ce a Dhaka mai jijjiga goyo da ƙafa?
Ko ɗalibi a Kisumu da cajinsa ke kan ja?
Ko wata tsohuwa a Hull, da ba ta san alƙibla ba,
ta dai san yadda takalmi ke jiran mai shi?
Duk inda kake, sannu da aiki.
Da akwai ludayi, da na miƙa maka.

Wani ya buga gilashi, jiƙe sharkaf: "Harehills?"
Na ce bismillah, shigo.
Na kife wayar, na tada inji,
na duba madubi sau biyu
tun da sauran idona ake biya.